Babin da aka cire daga rahotona

Jiya na miƙa makullin biro. Waɗanda muka yi aiki tare sun san wurin, ba sai na lissafa ba. Abu guda ne har yanzu yake ci mini rai.

An ɗora mini nazarin yadda wasu ƙasashe ke kafa hukuma ta musamman da doka don farfaɗo da unguwar da ta durƙushe, ko ma samu abin koyi game da Birni, tsohuwar unguwar garinmu. Na ɗauki Kadif, babban birnin Wales, a bakin teku. Da kwal tasharta ta jiragen ruwa ta yi suna, da kasuwar kwal ta mutu unguwannin tashar suka bi ta. A 1987 gwamnatin Birtaniya ta kafa hukumar raya gaɓar. Naɗa shugabanninta aka yi, ba zaɓe ba, kuma tana da ikon sayen fili ko mai shi bai so. Dokar 1993 ta ba ta damar gina madatsa mai tsawon sama da kilomita 1, tabon gaɓar ya koma tafki na hekta 200. A 2000 aka rufe hukumar.

To amma dab da tafkin akwai Butetown, inda jikokin ma'aikatan jirgin ruwa ƴan Somaliya da Yaman ke zaune da masallatansu. Benaye sun tashi kewaye da su, unguwarsu ta ci gaba da zama cikin mafi talauci a birnin. A kan wannan babi na fi shan wahala, don Birni nake gani a cikinsa. Gidajenmu na gado ne, gida guda magada da yawa, ga masu unguwanni, ga fada. Hukumar da za a naɗo daga Yamai, wa zai zauna mana a cikinta?

Mai gidanmu na biro ya karanta, ya ce: "Yaro, masu ba da kuɗi hoto suke so, ba kuka ba." Ranar gabatarwa babu babin, babu sunana. Hotunan tafkin ya haska a bango, aka tafa masa. Sunan na yafe. Babin ne ban yafe ba, domin irin mutanen da ya share su ne za a fara tasa idan irin wannan doka ta zo mana.

Sauran darussan gajeru ne. Kai da za ka gaji teburina, kada ka miƙa rahoto hannu da hannu, tura shi ta imel ya fita da kwanan wata. Kafin ka zana taswirar unguwa, je ka gaida mai unguwa. Kuɗin misho kuma, wato na tafiyar aiki, a sa maka hannu kafin ka hau mota.