Kwana shida a Santambul da fil a baki

Jakar aikina ba ta kai jakar ɗan firamare girma ba, amma ita na fara lalubawa da akwatina ya fito a filin jirgin saman Istanbul. Kwalin fil biyu, almakashi, tef ɗin awo, allura da zare baƙi da fari, salatif mai manne ciki da baya, sai matsi irin wanda ake haɗe takardu da shi a ofis, guda talatin cif. Da na ga komai na nan sai hankalina ya kwanta. Kayan sawata ko sun ɓata da sauƙi, tunda garin da na zo ba a rasa tufafi.

Idan aka tambaye ni sana'ata nakan ɗan yi jim. Ni ba tela ba ce, ban kuma taɓa zana riga ba. Haɗa kaya nake yi: wannan riga da wane mayafi za ta tafi, da wane takalmi, wace jaka, wa zai saka ta, a ina za ta tsaya. Na saba yi wa masu ɗaukar hoton talla da mata masu biki. Wannan karon wani kamfanin ɗinki ne da ke unguwar Merter, mai yin dogayen riguna da abaya da kwat na mata, ya ɗauke ni in shirya masa rumfarsa a bajekolin IFCO, wanda ƙungiyar masu fitar da tufafi ta Istanbul ta fara a 2022, ake kuma yin sa sau biyu a shekara, Fabrairu da Agusta. Na Fabrairu na je. A raina na ce ai kwalliya kwalliya ce, ko ta biki ko ta kasuwa. Ashe da sauran karatu a gabana.

Ana yayyafi mai shiga ƙashi na hau bas ɗin Havaist. Sabon filin jirgin can arewa yake, wajen Baƙin Teku, tafiya ce mai ɗan tsawo kafin a shigo gari, kuma rabinta barci na yi. A Aksaray na sauka, na ja akwatina na haura Laleli inda aka kama min masauki.

Tsofaffinmu Santambul suke ce wa birnin nan, kuma idan suka faɗa, masallatai da sarakuna ne ke zuwa wa mutum a rai. Suna nan kuwa. Masallacin Laleli, wanda Sarki Mustafa na Uku ya gina a shekarun 1760, yana tsaye a bakin titin da jirgin ƙasa na cikin gari ke bi, amma ko shi ma shaguna ne a ƙarƙashinsa. Daga nan duk lungun da ka leƙa riguna ne, bene a kan bene. Allunan shagunan da Turkanci da Rashanci da Larabci. Rashancin yana da dalili: bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, mutane daga can suka riƙa kwararowa da manyan akwatuna, su cika su da kaya su koma su sayar, har Turkawa suka laƙaba wa harkar suna cinikin akwati. Larabawa da 'yan Afirka suka biyo sahu. Yau akwatin ya koma dila-dilan kaya naɗe da salatif, 'yan dako na tura su a kura suna ihun a ba su hanya, kuma ofisoshin kago sun yi layi, kowanne ya jera sunayen biranen da yake kai kaya a jikin gilashi.

Kalma biyu na fara koya, tun kafin gaisuwa. Ta farko toptan, wato sari. Ta biyu seri, kuma ita ce ta fi ba ni wuya. Washegari a Merter mai kamfanin, wani dattijo mai tef rataye a wuya, ya ajiye min shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi ya yi min bayani ta bakin 'yarsa. Ba a sayar da riga ɗaya. Seri ake sayarwa: riga iri ɗaya, launi ɗaya, a sayis huɗu ko biyar a jere, misali 38, 40, 42, 44, a leda guda. Mai saye ba ya zaɓar sayis ɗin da ya ga dama, ya ɗauka duka ko ya bari. Na gyaɗa kai kamar na gane. Hankalina yana kan wata kwat mai ruwan toka da ke rataye a bayansa, har na fara ayyana mayafin da zan ɗora mata.

Wurin bajekolin yana Yeshilkoy, dab da tsohon filin jirgin Ataturk da aka daina jigilar fasinja a cikinsa a 2019. Jirgin M1A nake hawa daga Aksaray, ya ratsa Merter da Zeytinburnu ya sauke ni a bakin ƙofa. Ranar jajibiri zauren ba shi da kyan gani: kafintoci na buga katako, ƙurar zarto, wayoyin lantarki a ƙasa kamar taliya. An ba ni 'yan tsana goma sha huɗu, kowacce a kwalinta, hannu daban, ƙafa daban. Samfuran kuwa, da aka ce za su iso da hantsi, sai bayan la'asar suka zo, a cushe cikin buhu, sun yamutse kamar an kwana a kansu. Ni da wata yarinya muka kama na'urar tururi, riga ɗari da 'yan kai, muna bi ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe goma sha ɗayan dare. Tururi ake amfani da shi saboda dutsen guga yakan bar sheƙi a jikin baƙin yadi, kuma fitilar zaure ba ta rufa wa kowa asiri.

A nan ne matsin nan talatin suka yi rana. 'Yar tsana siririya ce, samfur kuwa ya ɗan fi ta. Sai ka tattaro rarar yadin ta baya, ka naɗe, ka danna matsi biyu daga tsakiyar baya zuwa ƙugu, ka sa fil a kafaɗa, ka cusa takarda mai laushi a hannun riga don ya cika. Ta gaba sai ka rantse a jikinta aka yanka rigar. Duk mai aikin hoto ya san wannan dabara, kuma a wurin hoto ba laifi ba ce, tunda kyamara ba ta zagayawa. Na yi wa goma sha huɗun nan tsaf, na ja baya na kalle su, na yaba wa kaina.

Ranar farko har azahar ba mu rubuta odar kirki ba. Mutane na tsayawa, su ɗauki hoto, su wuce.

Ina durƙushe ina gyara kalmasar wata riga fil ya soke ni a yatsa, na ce “wayyo Allah” da ƙarfi. Sai na ji an ce, “Ah, ashe tamu ce.” Na ɗago na ga wata dattijuwa da tabarau a karan hanci, ƙaramin littafi a hannu, takalmin ƙafarta irin na wanda ya san zai wuni a tsaye. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, idonta na kan wata doguwar riga mai ruwan zuma. Ba ta tsaya a gabanta ba. Kai tsaye ta zagaya baya.

“Ke kika ɗaure ta haka?”

“Ni ce, Hajiya.”

“To kwance ta, 'yata, in ga gaskiyarta.”

Na cire matsin ɗaya bayan ɗaya, kunya kamar ƙasa ta tsage. Rigar ta saki, ƙugun ya sauko, kafaɗar ta ɗan zube. Hajiya ta kama gefen yadin ta dunƙule a tafin hannunta, ta riƙe na ɗan lokaci, ta saki ta duba ko ya yamutse. Ta juya hannun rigar ciki waje ta bi ɗinkin da farce. Ta ja zif sama da ƙasa sau uku. Ta kunna fitilar wayarta ta sa a bayan yadin don ta ga ko yana nuna jiki, sannan ta tambayi ko shafin ciki ya kai har ƙasa ko a gwiwa ya tsaya. Duk wannan bai ɗauke ta minti biyu ba.

“Wannan nake saye, ba waccan ta ɗazu ba,” in ji ta. “Matar da za ta ɗauka a wurina ba za ta yi yawo da matsi a gadon baya ba. In ta sa ta ga ba haka ta gani a hoto ba, ni za ta dawo wa, ba ke ba. Kuna da 46 in gani a jikin mutum?”

Ba mu da shi. Duk samfuranmu ƙananan sayis ne. Ta rubuta lambar rigar a littafinta, ta ce Allah ya ba da kasuwa, ta yi gaba.

A jirgin komawa masauki na yi ta juya maganar. Duk shekarun da na yi ina wannan aiki, wadda za ta sa kayan ita ce a gabana, ita nake faranta wa. A nan kuwa wanda ke tsaye a rumfa ba don kansa yake saye ba. Yana saya wa mata ɗari da bai zo da su ba, masu jiki iri-iri, da kuɗin da in kayan suka kwanta shi zai yi asara. Wani ma odar da zai bayar yau sai bayan watanni za a ɗinka ta, ta isa shagonsa lokacin da yanayi ya juya. Kuma tunda seri zai ɗauka, rigar da ta yi kyau a 38 kaɗai ta bar masa uku a rataye. Abin da dattijon Merter ya faɗa min ke nan ina kallon kwat.

Da asuba na riga kowa isa. Na cire matsin duka, sai fil ɗaya ko biyu inda dole. 'Yan tsanar da riga ta yi musu yawa na canja musu wadda ta zauna da kanta. Na kuma rage kwalliyar. Da na ɗora wa kowacce sarƙa da bel da jaka, har wani mai saye ya tambayi kuɗin bel ɗin, alhali ba ma sayar da shi, aro na yi. Duk abin da ba ya cikin takardar jerin kaya na kwashe. Takardar nan ita ce zuciyar rumfa: hoton riga, lambarta, launukan da ake da su, sayis ɗin da ke cikin seri, farashin sari, mafi ƙarancin abin da za a iya oda, da ranar da kaya za su fita. Sai na sake jera hangogin su bi tsarinta, waɗanda ke ajiye a sito ana iya turawa nan take a gefe guda, waɗanda sai an ɗinka a ɗaya gefen. A cikin kowane rukuni na tafi daga launi mai haske zuwa mai duhu, da tazarar yatsa uku tsakanin hanga da hanga don hannu ya samu shiga. Masu neman kayan da za su isa kafin azumi ba su da lokacin lalube, suna shigowa nake nuna musu gefen na sito.

Na roƙi mai kamfanin ya aiko da manyan sayis daga Merter. Ya ɗan yi gardama, wai manyan ba sa kyau a rumfa, amma ya aiko. Muna da yarinya ɗaya mai tallar kaya, doguwa siririya, wadda ke canja shiga duk bayan minti kaɗan a wani ɗan lungu da labule. Kowace shiga na haɗa ta a hanga ɗaya da hotonta manne a jiki, takalman kuwa na liƙe musu salatif a ƙasa saboda na aro ne. Sai na lallashi wata ma'aikaciyar kamfanin, mace mai jiki, wadda aikinta rubuta oda, ta yarda ta sa 46. Ta yi ta noƙewa da farko. Kafin la'asar ita ake ta cewa ta juya, ta ɗaga hannu, ta zauna a ga yadda rigar ke yi a cinya.

A kwanakin nan na ga yadda ido ya bambanta. Waɗanda suka zo daga ƙasashen sanyi nauyin kwat suke fara ɗagawa su ji. Na ƙasashen Larabawa tsawon hannu da faɗin ƙasan riga suke aunawa. Namu na Afirka tambayarsu ta farko ko yadin yana da zafi, ta biyu ko akwai shi a launi mai ɗan rai. Kusan kowa kuma sai ya ɗauki hoto ya tura ta WhatsApp, ya tsaya yana shan shayi yana jiran amsar wani da ke wata nahiya. Na koyi in tsayar da rigar inda fitila ba ta canja mata launi, don an taɓa mayar mana da magana cewa makubar da aka gani a waya baƙa ce.

Hajiya ta dawo rana ta uku. Ba ta ce min komai ba, ta zagaya bayan mai ruwan zuman, ta shafa, ta ga ba matsi. Ta sa ma'aikaciyar nan ta saka 46, ta ja ta har bakin ƙofar zaure inda hasken rana ke shigowa. Da suka dawo ta zauna ta buɗe littafinta. Launi uku ta ɗauka, amma da sharaɗin a ƙara tsawon shafin ciki ya kai idon sawu. Dattijon ya ciro tef daga wuyansa ya auna, ya yi lissafi a bayan kati, suka ja, suka daidaita. Da za ta tashi ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Yatsan ya warke?” Na ce ya warke, Hajiya. Ta ce in riƙa sa fil ɗin a hannun riga, in daina riƙe shi a baki, ta san wadda ta taɓa haɗiyewa.

Daren ƙarshe muka tuɓe 'yan tsanar, muka cire musu hannuwa, kowacce ta koma kwalinta. Ina naɗe kwat ɗin nan mai ruwan toka na ce wa 'yar mai kamfanin ina sonta, a cire a kuɗin aikina. Ta fassara wa mahaifinta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗaga yatsu huɗu. Samfur ba na sayarwa ba ne, na sito kuma a ledarsu suke, ba a farke seri saboda mutum ɗaya, ko da kuwa ni ce.

Washegari na shiga wani ofishin kago a Laleli da leda ɗaya a hannu, na bi layi a bayan masu dila ashirin da talatin. Yaron da ke awo ya ɗora ta a sikeli, ya dube ni, ya sake duban ledar. 38 ɗin tawa ce. Ta 40 ƙanwata ta karɓa, ta 42 na samu mai so. Ta 44 tana nan rataye a ledarta, idan akwai mai bukata.