Firamaren garinmu, daga rumfar zana zuwa yau

Makarantarmu dai 'yar UPE ce, wato shirin nan na ilimin firamare kyauta da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙaddamar a 1976, lokacin muna jihar Kano tukuna don Jigawa sai 1991 aka cire ta. Kafin nan duk wanda zai yi boko daga ƙauyenmu sai dai a kai shi garin hakimi, makarantar En'e, kuma ba wanda ke so ai.

Dattawa sun ce da aka aiko dagaci ya ba da yara, masu hali ɓoye nasu suka yi, wani a rumbu wani a tura shi gabas almajiranci, sai aka kwashi marayu da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi aka cike gurbi. To yau waɗannan ɗin ne wani ya yi ritaya yana malamin asibiti wani yana sakatariya a Dutse, kuma su ake bi da takardun yara ana a taimaka.

Rumfar zana aka fara yi a gindin darbejiya, ƙararrawa kuwa tsohon rim ɗin mota ne a rataye, monita ya doka shi da ƙarfe sai an ji har bakin rijiya. Mu da muka zo daga baya mun tarar da bulok mai aji biyu, allon ma siminti ne aka shafe a bango, in ya koɗe a fasa tsohon batirin rediyo a goga masa baƙin da ke cikinsa. Malamanmu yawanci masu Giredi Tu ne, wato takardar malanta ta wancan lokacin, wallahi akwai duka amma ɗan aji uku yana karanta wa tsohuwa wasiƙar ɗanta da ke Ikko tas, ba gargada. Ran kasuwa da lokacin shuka kam aji rabi ne, hedimasta ya gaji ya hau kekensa ya bi gona gona.

Da UBE ta zo a 1999, wato shirin ilimin matakin farko da ya gaji UPE, an ƙara azuzuwa an yi fenti, ba laifi. Sai dai yanzu iyaye ne ke kawo yaran da kansu har mata, malaman ne babu, mutum ɗaya zai bar 'yan aji ɗaya da rera baƙaƙe ya ruga aji biyar yin lissafi. Matasanmu masu takardar malanta ta NCE da ke zaune ba aiki su ke shiga suna koyarwa kyauta, ana ɗan haɗa musu kuɗin sabulu bayan sallar Juma'a.