Jadawalin da ya manta da mutane

Yau da yamma muka zauna mu biyar ta intanet don tsara lokacin da za mu saki sabuwar fitowar manhajarmu, wadda kowa ke iya ganin rubutunta ya gyara. Na zo da jadawalina a shirye tsaf: mako shida, kowane aiki da ranar kammalawarsa a GitHub, shafin intanet da muke ajiye rubutun manhajar. Ina cikin bayani sai wanda ke duba gyare-gyaren da mutane ke turowa ya ce a hankali, "Ni fa ba na samun zama sai bayan yara sun yi barci, awa ɗaya, wani lokacin ma ba ta cika ba." Shiru na yi. Gyara bakwai ne ke jiran idonsa, kuma duk na lissafa su kamar a kwana biyu zai gama.

Jikina ya yi sanyi. Babu wanda ake biya a cikinmu, kowa daga ɗan hutunsa yake yanko mana. Muka goge ranakun, muka ware abubuwa uku da dole su shiga, sauran muka ce su jira fitowa ta gaba. Ranar sakin ma mun daina rubuta ta, sai ukun nan sun kammala an gwada su. Har yanzu awa ɗayan nan tasa nake ta tunani, da yadda ban taɓa tambayarsa ba.