Abin da ajin baftisma ya koya mini game da ranar shari'a

A ikilisiyarmu ta ECWA, duk mai son a yi masa baftisma sai ya zauna aji na wasu watanni, kuma ni dattawa suka ɗora wa koyarwar. Darasin Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, yana da wuya, na zunubi yana da nauyi, amma babu mai sa aji ya yi tsit kamar na shari'ar ƙarshe. Kowa ya haddace cewa Yesu zai dawo ya yi wa masu rai da matattu shari'a, maganar da ke cikin shaidar bangaskiyar da shugabannin ikilisiya suka tsara a taronsu na birnin Nikiya tun shekarar 325. Hadda dai ba wuya. Abin da ke cin kowa a rai shi ne: ni fa, dama zan tsaya ko hagu?

Yawancinsu da tunanin mizani suke zuwa. Ba abin mamaki ba ne, tare muka tashi da maƙwabtanmu Musulmi, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya, kalmar hisabi da ta lada sun zauna a bakin kowa. Sai in buɗe musu Afisawa 2:8-9 a Littafi Mai Tsarki, inda Manzo Bulus ya ce da alheri aka cece mu, ta wurin bangaskiya, ba don ayyuka ba, kada wani ya yi fariya. Nan take samari su saki jiki. Wani ya ce mini, "Malam, ashe shi ke nan, tunda na ba da gaskiya, saura duk sauƙi ne." Na sa shi ya karanta aya ta 10 da ƙarfi, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka, sannan muka juya Yaƙub 2:19, inda aljanu ma suka gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Ban ga laifin yaron ba. Martin Luta kansa, wanda ya tayar da gyaran ikilisiya a Jamus a 1517, wasiƙar Yaƙub ta tsaya masa a wuya, har a 1522 ya kwatanta ta da busasshiyar ciyawa.

Inda na fi daɗewa shi ne wurare biyu a Matiyu, kuma nakan sa a karanta su a jere. A sura ta 7, wasu sun zo gaban Yesu ranar shari'a da lissafinsu a hannu: mun yi annabci da sunanka, mun fitar da aljanu, mun yi al'ajibai. Aka ce musu ba a taɓa saninsu ba. A sura ta 25 kuwa, waɗanda aka sa dama sun ciyar da mayunwaci, sun shayar da mai ƙishi, sun sauke baƙo, sun tufatar da matsiraici, sun duba mara lafiya da ɗan kurkuku, amma da Sarki, wato Yesu, ya faɗa musu shi suka yi wa, sai mamaki ya kama su: yaushe muka gan ka? Masu riƙe da lissafi aka kora, waɗanda ba su ma san sun yi ba aka karɓa. A ganina, wanda bai gane wannan ba, ko ya iya zana babban farin kursiyin da ke Ru'ya ta Yohanna 20 da littattafan da za a buɗe, bai fara darasin ba tukuna.

Saboda haka muka riƙa fita daga majami'a. Wata Asabar muka kai kunu da sabulu ɗakin maza na wani asibiti. A ƙarshen ɗakin akwai wani tsoho da babu mai jinyarsa, zanen gadonsa ya jiƙe, kofin ruwansa ya yi masa nisa. Wani saurayi ya zaro waya zai ɗauki hoton da zai sa a Facebook, na kama hannunsa. Kafin in juyo, wata yarinya da ba ta taɓa amsa tambaya ko ɗaya a aji ba ta tallabo kan tsohon, tana hura kunun a cokali tana cewa, "Baba, ƙara kaɗan." Ba ta tambayi addininsa ba. Da Lahadi ta zo na nemi kowa ya faɗi abin da ya yi, ita cewa ta yi ba ta yi komai ba, rakiya kawai ta yi.

Tsoratarwa tana da saurin aiki, na shaida. A yi wa'azin wuta da dare, gaban majami'a ya cika da masu tuba, bayan wata guda ka neme su ka rasa. Ba na ɓoye hukunci, don 2 Korintiyawa 5:10 ta ce dukanmu za mu bayyana gaban kursiyin shari'a na Almasihu. Amma ba na sallamar aji sai mun karanta Romawa 8:1, cewa babu hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata ta taɓa tambayata, "Ɗana, ni ban iya karatu ba, ranar nan za a tambaye ni ayoyi?" Na ce, "Mama, ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu aya nawa ya haddace?" Ta yi dariya har da tafi.

Tambayar da ta fi ƙarfina daga wani yaro ta fito, wanda kakansa ya mutu a kan al'adar Maguzawa bai taɓa jin bishara ba. Na karanta masa Romawa 2:12-16 da tambayar Ibrahim a Farawa 18:25, ko Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba, na tsaya a nan. Haka kuma idan dattawa suka kira ni kafin ranar baftisma suna son jin wa ya isa. Nakan faɗa musu wa ya fahimci darasi, wa na ga halinsa ya sake, wa kuma ya kamata ya ƙara zama. Idan suka ce wa ke da bangaskiyar gaske, sai in tuna musu da misalin alkama da zawan, ciyawa mai kama da alkama, a Matiyu 13, inda maigona ya hana bayinsa tuge zawan kafin kaka, don kada su haɗa da alkamar.