Ganyen Kalgo, Ƙaro da Sunayen Bishiyoyi

A hutun ƙarshen shekarar da ta gabata, cikin tsakiyar hunturu, yara shida suka taru a gidan mahaifiyarmu da ke wani ƙauye a arewacin Kano, biyu nawa ne, huɗu kuma na ƙannena, babbansu yana da shekara 9, ƙaramarsu ba ta cika 5 ba. Wata safiya na nuna musu tsamiyar da ke ƙofar gida na tambaye su sunanta, sai suka haɗa baki suka ce bishiya ce, ɗaya kuma ya gyara musu ya ce ai dalbejiya ce. Ban ga laifinsa ba, domin a unguwannin da suke tasowa dalbejiya ce ta cika tituna, alhali ita baƙuwa ce da aka kawo daga ƙasar Indiya a zamanin Turawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, dukkansu suna shan kunun tsamiya, suna cin tuwo da miyar kuka, amma babu wanda ya taɓa sanin itacen da abin da ke cikin kwanonsa ya fito.

Da farko na bi hanyar da na sani daga makaranta, wato na zagaya da su bayan gari ina nunawa ina faɗin sunaye suna maimaitawa, kuma kafin washegari duk sun zube. Inna ce ta yi mini dariya, ta tuna mini cewa mu babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana sunan itace, aike ne ya koya mana: a ce ka ɗebo ɓawon kalgo a ɗaure dami, ko ka tsinto bagaruwa a kai wa majemi. Daga nan na daina karatu, na nema musu aikin hannu.

Mun fara da kalgo saboda ganyensa ba ya ɓuya, a tsage yake gida biyu kamar sawun raƙumi. Kowane yaro ya ɗora farar takarda a kan bayan ganyen, inda jijiyoyinsa suka fi tasowa, ya goga gawayi a hankali har siffar ganyen ta bayyana. Da muka gwada da tsamiya, wadda ƙananan ganyayenta suke jere biyu-biyu a kan sanda ɗaya, sai yaran da kansu suka fara gardama a kan bambancin ganye guda da ganye mai 'ya'ya, abin da ban yi niyyar koya musu ba a ranar.

Aikin da ya fi kama hankalinsu shi ne na ƙaro. Mun ɓamɓaro kaɗan daga jikin wata bagaruwa, sauran kuma muka sayo a kasuwa, muka jiƙa shi cikin ruwan ɗumi ya kwana, da safe ya narke ya yi danƙo, muka riƙa manna ganye da 'ya'yan itace a kan kwali da shi. Sun daɗe ba su yarda cewa abin mannawa zai iya fitowa daga jikin bishiya ba. Ragowar ƙaron muka dama da dakakken gawayi ya zama tawada, kusan yadda almajirai suke haɗa tasu, kuma da ita manyan cikinsu suka rubuta sunan kowace bishiya a ƙarƙashin ganyenta da alƙalamin kara. A nan ne na shaida musu cewa shi kansa allon karatu da itacen aduwa aka saba sassaƙa shi, sai suka matsa lallai a kai su su ga aduwa, suka dawo da 'ya'yanta suna tsotsa suna yamutsa fuska saboda zaƙin nan nata mai haɗe da ɗaci.

Kuka ba ta ba mu ganye ba, domin da rani tsirara take tsayawa, sai 'ya'yanta kawai suna reto. Mun kankare ƙaiƙayin da ke bayan busassun 'ya'yan, muka huda, muka zazzage garin, muka mayar da ƙwallayen ciki muka toshe, suka zama abin kaɗawa, kuma har yamma gidan bai huta da ƙara ba. Da kabar goruba Inna ta koya wa matan saƙar ɗan ƙaramin faifai, wanda dai bai yi kyau ba, amma sun tafi da shi gida.

Akwai sharuɗɗan da ban yi sassauci a kansu ba. Ba a karya reshe, abin da ya faɗo ƙasa ake tsinta, in ban da ganye ɗaya ko biyu. Ba a taɓa tumfafiya saboda farin ruwanta yana cutar da ido. Ba a kai 'ya'yan cin-da-zugu baki. Kuma ba a cusa hannu cikin tarin busasshen ganye sai an tona da sanda.

Gawo ne ya kawo mana doguwar magana. Babban yaron ya lura cewa shi yana shar da ganye a lokacin da kuka ta zubar da nata, na bayyana masa cewa gawo saɓanin sauran itatuwa yake yi: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma dabbobi su sami inuwa da 'ya'yansa su ci, shi ya sa manomi ba ya son sare shi. Da wani ƙaninsa ya kai hannu zai fizge tohon wani kututture don ya yi bulala, na hana shi, na ba su labarin manoman yankin Maraɗi a Nijar, waɗanda tun wajen 1983 suka fara barin irin wannan toho a gonakinsu suna rage shi suna kula da shi har ya koma bishiya, aikin da ya bazu zuwa fili kimanin hekta miliyan 5.

Babban yaron dai bai gamsu da batun gawo ba. Ya ce babu yadda za a yi itace ya bushe ana tsakiyar ruwan sama, ya ɗaura tsumma a jikin wanda ke bakin gonar Inna don kada a canja masa da wani, kuma mun yi alkawari da shi cewa a hutun watan Agusta zan dawo da shi ya duba da idonsa.