Katun ɗin da ba a magana a ciki

Jiya da daddare ƙanwata ta matsa sai mun kalli wani katun wai Flow, na ƙasar Latbiya, 2024 ya fito, ni dai na zauna ne kar ta yi fushi. Wallahi ko kalma ɗaya babu har ƙarshe, ambaliya ce ta cinye daji sai wata mage ta faɗa jirgin ruwa, ga kare ga wani tsuntsu dogo ga wata dabba kamar ƙatuwar gafiya wai kapibara. Inda magen ta koyi nutso tana kamo kifi tana ajiye musu, nan na ajiye waya. Ashe har Oscar ya ci a 2025, kuma da manhajar Blender ta kyauta aka haɗa shi. Ita ƙanwar tawa kam tun rabi ta yi barci.