Madubi, tef da kwalin ƙwai

Shekara tara ke nan ina haɗa sauti a wani ɗan shago a wajen Ƙofar Ƙaura: tallan rediyo, waƙar biki, ƙasidun bege, in kakar siyasa ta kama kuwa sai mu kwana a kan aiki. Amma a 'yan shekarun nan rabin abincina daga gyaran ɗakuna yake fitowa, irin waɗanda samari ke mayarwa situdiyo a gidajen iyayensu. Mu uku ne, da ni da kafinta da yaron da ke riƙe mini tef ɗin awo.

Kwanan baya wani yaro a Sabuwar Unguwa ya kira ni ransa a ɓace. Babur ɗinsa ya sayar ya sayi sifikun situdiyo ƙirar Yamaha HS8 guda biyu. "Oga, jabu aka saida mani. In na haɗa waƙa cikin ɗakin ga sai ka rantse gidan biki ne, in na sa ta a mota kuma bes ɗin ya ɓace ɓat."

Ina shiga na tafa hannu sau ɗaya. Ƙarar ta yi ta zirga-zirga tsakanin bango da bango kamar an buga faranti. Ƙasa tayil, bango siminti, tsawo ƙafa 12, faɗi ƙafa 10, sama ma kusan 10. Ya cusa teburi a lungu, sifika ɗaya kan taga, ɗaya kan firji. Na ce masa sifikunka lafiyarsu ƙalau.

Ga abin da ke faruwa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Tsakanin bango biyu masu nisan ƙafa 10, akwai wani kaurin sauti, wato bes, mai kaɗawa wajen sau 56 a daƙiƙa, da ke kai da komowa yana hawa kan kansa. Tunda daga ƙasa zuwa silin ma kusan haka ne, sai abin ya ninka. A jikin bango da lungu ya kumbura, a tsakiyar ɗaki kuma ya zama kamar babu. Yaron nan a lungu yake zaune, kunnensa na ce masa bes ya yi yawa, shi kuma ya yi ta ragewa. Da me waƙar za ta fita?

Kafin a kashe ko sisi sai da muka ja teburin ya fuskanci gajeren bango, daidai tsakiya, yadda nisan hagu da dama zai zama ɗaya. Kujera muka sa ta wajen kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin, daga bangon da teburin ke fuskanta. Ba aya ba ce, daga nan dai ake fara laluben wuri. Sifiku biyu da kan mai sauraro suka zama kamar duwatsun murhu, nisan kowanne da ɗan'uwansa ɗaya, mun auna da tef. Ƙaramin bakin sifika na sama ya zo daidai kunne, kowace ta ɗan karkato tana kallonsa. Muka ɗaga su daga kan katakon teburi don kada ya riƙa rawa tare da su. A nan kaɗai ya dube ni ya ce, "Kai! Mi ka taɓa?"

Sai aikin madubi, wanda kullum ke ba mutanen gida dariya. Ya zauna a kujera, yarona ya riƙa jan madubin askinsa a jikin bango. Duk inda na zaunen ya hango sifika a ciki, mu sa alli. Nan ne sauti ke fara dukan bango ya dawo kunne. A wuraren nan, da sama daidai kansa, muka rataya allunan da kafinta ya haɗa: firam na katako, cike da audugar gilashi mai kaurin inci 4, an lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa. In ka hura ba ka ji iska a bayan yadin ba, kada ka saya. Lungunan kuwa muka cika su da masu kauri tun daga ƙasa har silin. Audugar nan tana da ƙaiƙayi, sai da safar hannu da takunkumi.

Kwalin ƙwai da ya manne bango guda da shi muka ɓamɓare. Ba na yi wa kowa dariya a kan wannan, don ni ma a shagona na farko soson katifa na liƙe ko'ina; siraran sautuka suka mutu murus a ɗakin, gurnanin bes na nan daram, ga zafi kamar tanda. Siririn abu ba ya kama kaurin sauti, kwali kuma gidan kyankyaso ne, ga saurin kama wuta.

Da muka gama ya tambaya ko yanzu janareton maƙwabci zai daina shiga masa makirfo. Na ce a'a, wannan wani aiki ne daban, na bulo da ƙofa mai nauyi da toshe kowace kafa, kuɗinsa kuma ba na yau ba ne. Mun dai tsaya a kan ya riƙa ɗaukar murya bayan sallar asuba, kafin unguwa ta tashi. Kwalayen kuwa Hajiyarsa ta sa aka tattara wa mai ƙwai na bakin layi.